Sule Biyar Ɗin 1978

Ƙanina da ke Kwalejin Ilimi ta Minna yana son tsayawa takara a ƙungiyar ɗalibai, Baba ya ce atafau bai yarda ba.

Baba yana da dalili. A 1978, yana yaron shago a Samaru, gwamnatin Obasanjo ta ƙara sule biyar kan kuɗin abincin kullum na ɗaliban jami'a. Ƙungiyar NUNS ta Segun Okeowo ta kira zanga-zanga, wai lallai a tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi. Sojoji suka harbe ɗalibai a Zariya, aka haramta ƙungiyar, sai 1980 NANS ta gaje ta. Baba ya ga gawa da idonsa.

Ni dai na biya wa ƙanina kuɗin fom. Har yanzu ban faɗa wa Baba ba.