Tsarin Madogara da Manazarta a Binciken Tarihin Magariya da Dungas

Tsakure

Maƙalar ta auna tsarin APA, wanda mujallun jami'o'i da dama suke bi, da irin hujjojin da mai nazarin tarihin Magariya da Dungas ke dogara da su. Ta nuna cewa tsarin yana gazawa a wuri uku: rubutun sunaye, bayanin baka, da rubuce-rubucen hannu. Ta kawo shawarar gyara da ba ta rushe tsarin ba, sannan ta amsa sukar da za a iya yi mata.

Gabatarwa

Amfanin madogara a maƙala shi ne mai karatu ya iya bin sawun marubuci har ya isa inda aka ɗebo magana, ya gani da idonsa. Duk ƙa'idar waƙafi da baka da jeranta sunaye hidima take yi wa wannan manufa. Tsarin APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, an gina shi ne kan littafi da mujalla masu marubuci sananne da shekara da maɗaba'a. Tarihin Magariya kuwa ya warwatsu a harsuna da ma'ajiyoyi. Akwai littafin André Salifou kan daular Damagaram da ya fito da Faransanci a 1971, da kundin digirin Roberta Dunbar na 1970 da Ingilishi, da aikin M. G. Smith na 1978 kan Daura, wanda ya bi sarakunan Haɓe da jihadi ya tarwatsa zuwa Zango da Baure. Sauran yana bakin dattawa da cikin gafakar malamai.

Rubutun sunaye

Iyakar da Faransa da Ingila suka shata, wadda tawagar Tilho ta auna tsakanin 1906 da 1909, ta bar gari ɗaya da rubutu biyu. William Miles, a littafinsa na 1994 da ya kwatanta ƙauyuka biyu a gaɓar iyaka, ya rubuta Yekuwa, takardun hukumar Nijar kuma suna rubuta Yékoua. Haka Washa da Ouacha suke bambanta a ido, haka Mahamane da Muhammadu. Editan da ya mayar da duk sunayen manazarta zuwa rubutun Hausa don su yi kyan gani ya toshe hanyar nema, domin kwamfutar ɗakin karatu harafin da aka buga ta sani. Ƙa'idar da ta dace ita ce a bar sunan marubuci da na littafi a manazarta yadda suke a bango, a yi amfani da rubutun Hausa a cikin matani, a haɗa su biyu a karon farko. Taƙaita suna zuwa harafi ɗaya, yadda APA ke yi, ma yana da illa. Sunan ƙarshe na Bahaushe yawanci na mahaifi ne ko na gari, ba na zuri'a ba, saboda haka marubuta da yawa kan taru a kan suna ɗaya da harafi ɗaya. Rubuta cikakken suna ya fi tsare hakkin mai aiki.

Bayanin baka

A nan ne gazawar ta fi nauyi. APA ta ɗauki hirar da mai karatu ba zai iya samu ba a matsayin zance tsakanin mutum biyu, ana ambatonta a matani amma ba ta shiga manazarta. Sai dai a duba bayanan tarihi da Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya tattara, waɗanda aka buga a juzu'i na biyu na rahoton tawagar a 1911. Daga bakin sarakuna da fadawa ya ji su. Da aka buga su a Faransa sai suka zama hujjar da ke da layi a manazarta, alhali jikan bafaden da ya ba da labarin, in aka yi hira da shi yau a Magariya ko Bande, ba shi da wuri. Ɗab'i bai ƙara wa labarin gaskiya ba, ya dai ba shi wurin da za a same shi. Ke nan abin da hira ke buƙata shi ne ma'ajiya. Idan mai bincike ya ɗauki murya, ya ajiye ta a wuri irin cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968 domin adana tarihin baka, ko a ɗakin karatun jami'ar Damagaram, aka ba ta lamba, to ta cika sharaɗin APA kanta. Layin hirar a manazarta ya ƙunshi sunan mai bayani, sarautarsa ko sana'arsa, gari, kwanan wata, harshe, lambar ajiya, da wanda ya ji labarin daga gare shi. A kula da sunan yanki na lokacin hirar, domin Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, kafin nan tana ƙarƙashin Magariya.

Rubuce-rubucen hannu

Takardar ajami ko ta Larabci ba ta da maɗaba'a, kuma shekarar da ke ƙarshenta sau da yawa ta kwafi ce, ba ta wallafa ba. Rubuta mata "babu shekara" kawai ɓarnar bayani ne. Ya kamata a kawo mawallafi in an san shi, da mai kwafi, da shekarar Hijira tare da ta Miladiyya, da yawan warƙoƙi, da mai riƙe da ita. In tana cikin tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, lambarta ta isa shaida.

Suka da amsa

Za a ce kowace mujalla in ta ƙirƙiro tsarinta, manyan rumbunan intanet ba za su gane ta ba. Amsa ita ce littattafai da maƙalu suna nan kan tsarin APA, ƙari kawai aka yi na sashen hira da na rubutun hannu. Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba: a Kanada, Lorisia MacLeod ta fitar da tsarin sanya dattawan ƴan asalin ƙasar cikin manazarta a 2021. Za a kuma ce labarin baka yana sauyawa. Haka ne, kuma shi ya sa ake son a san wa ya faɗa, yaushe, daga wa ya ji. Malaman hadisi sun daɗe da auna magana ta hanyar isnadi, kuma malaman zaure na wannan yanki a kan wannan ilimi suka tashi. Suka mafi ƙarfi ita ce ta amana. Maganar gadon sarauta, ko gona, ko asalin bauta, tana iya jawo wa mai faɗarta fitina a garinsu. A irin wannan hali sai a nemi izini tun kafin hira, wanda ya ƙi a ambace shi a ba shi lamba a maƙala, sunansa ya zauna a ma'ajiya ƙarƙashin sharaɗi.

Kammalawa

Gyaran yana hannun editoci. Su rubuta waɗannan ƙa'idoji a jagorar marubuta, su sharɗanta ajiye murya kafin karɓar maƙalar da ta dogara da hira, jami'o'i kuma su tanadi wurin ajiyar. Muddin ba a yi haka ba, mai duba manazartar binciken Magariya zai ɗauka cewa Turawa da ƴan boko ne kaɗai suka san tarihinta.