Farar Riga da Baƙar Fuska: Tarihin Dabarar HDR

Sunan unguwar Zongo da ke Kwatano ya samo asali ne daga kalmar Hausa "zango", wato masaukin fatake. Har yau Hausawa da sauran Musulmi ke da rinjaye a unguwar, kuma ranar Juma'a ko ranar Salla akan ga jama'a cikin fararen riguna kewaye da babban masallacinta. Wannan yanayi yana daga cikin mafiya wuya ga mai ɗaukar hoto. Idan ya daidaita kyamara da hasken farar shadda a tsakar rana, fuska sai ta dushe. Idan ya daidaita ta da fuska, rigar sai ta zama fari fat, aikin zaren da ke wuyanta ya ɓace. Dalili shi ne, tazarar da ke tsakanin mafi haske da mafi duhu ta fi ƙarfin abin da kyamara ke iya kamawa a ɗauka guda. Dabarar da ake kira HDR ita ce a ɗauki hotuna da yawa, wani da haske kaɗan, wani da haske mai yawa, sannan a haɗe su.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yakan ɗauki teku a farantin gilashi ɗaya, sararin sama a wani, sannan ya buga su a takarda guda. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana hanyar lissafi ta haɗa irin waɗannan hotuna a kwamfuta. A 2010 kamfanin Apple ya sa HDR a wayar iPhone 4, daga nan dabarar ta shiga aljihun kowa.

Sai dai matsalar ba ta tsaya ga ƙarfin na'ura ba, ta shafi wanda aka auna na'urar da shi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa rarraba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, kuma da launin fatarta ake daidaita injin. Binciken Lorna Roth na 2009 ya nuna cewa koke-koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla, suna cikin abubuwan da suka sa aka inganta fim wajen nuna launuka masu duhu.

Masu hoton Afirka ta Yamma kuwa da ƙwarewar hannu suka shawo kan lamarin. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan ɗauki mutane a tsakar gidansa da hasken rana, fuska da zanen tufa duk su fito tangaran. A Porto-Novo ma Joseph Moïse Agbodjelou ya shahara a wannan sana'a. A ɗakin wanki mai hoto yakan tare haske daga wani sashe na takarda, ya ƙara wa wani. Da injinan wankin hoto mai launi suka yaɗu a shekarun 1980, wannan hukunci ya kuɓuce daga hannunsa ya koma ga inji.

Wayar yau takan ɗauki hotuna da dama cikin ƙiftawar ido ta haɗa su, amma manhaja ce ke yanke shawarar yadda fata za ta fito, kuma takan haskaka ta fiye da kima. Shi ya sa a 2021 Google ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6, bayan ya nemi shawarar masu hoton da suka saba ɗaukar baƙar fata. Faɗaɗa tazarar haske aikin injiniya ne. Zaɓen launin da za a kira daidai kuwa har gobe aikin mutane ne.