Amfilifayar jita: Mene ne bambancin mai araha da mai tsada a birnin Jidda?

Shekaru ashirin da suka gabata, matashin da ke kaɗa jitar lantarki a Jidda ba shi da dandalin da ya wuce ɗakinsa, ko wani gidan hutu a bayan gari inda abokai ke taruwa a asirce. A 2008, lokacin da labarin ƙungiyar The AccoLade ta 'yan matan Jidda ya bazu a jaridun duniya, a intanet kaɗai ake iya jin kiɗansu, domin babu damar su hau dandamali a bainar jama'a.

Al'amura sun sauya. An kafa Hukumar Nishaɗi ta Saudiyya a 2016, a farkon 2017 kuma mawaƙi Muhammad Abdu ya yi wasa a gaban dubban mutane a Jidda bayan shekaru ba a ga irin haka ba. An kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, sannan Hukumar Kiɗa a 2020. A watan Disamban 2023 ƙungiyar Metallica ta Amurka ta yi wasa a Riyad.

Wannan sauyi ya fito da masu koyon jita fili, ya kuma kawo musu tambayar da makaɗa a ko'ina suka daɗe suna muhawara a kai: shin amfilifayar da kuɗinta ya kai dubban riyal ta fi ta 'yan ɗaruruwa da gaske, ko kuwa suna kawai ake saye?

Aikin da amfilifaya ke yi

Jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. A ƙarƙashin tsarkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Idan tsarkiya ta girgiza, sai a samu ɗan ƙaramin lantarki wanda bai isa ya motsa sifika ba.

Amfilifaya ce ke karɓar wannan ɗan lantarki ta raine shi a matakai uku. Sashen farko yana ƙara masa ƙarfi kaɗan tare da daidaita kauri da kaifin sautin. Sashe na biyu yana ba shi ƙarfin da zai tura sifika. Na uku ita ce sifikar kanta, wadda ke mayar da lantarkin ya zama sauti.

Amfilifayar rediyo ko ta masallaci ana son ta fitar da murya yadda take. Ta jita kuwa an ƙera ta ne domin ta canza sautin, ta ba shi launi. Shi ya sa makaɗa ke ɗaukar ta a matsayin rabin kayan kiɗan, kuma shi ya sa jita ɗaya ke yin murya daban-daban idan aka sauya mata amfilifaya.

Zuriya uku

Mafi daɗewa ita ce mai bawul, wato wasu 'yan kwalabe na gilashi da ke yin ja idan sun ɗauki zafi, irin na cikin tsofaffin akwatunan rediyo. A kansu Leo Fender ya gina kamfaninsa a Kalifoniya daga 1946. A Ingila, kamfanin Vox ya fitar da AC30 a ƙarshen shekarun 1950, Jim Marshall kuma ya fitar da JTM45 a Landan a 1962. Abin da ya sa ake son bawul shi ne idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa, sautin yana dusashewa a hankali cikin taushi, kuma yana bin nauyin hannun makaɗi.

Ta biyu ita ce mai tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947. Ba ta da nauyi sosai, ba ta cika lalacewa ba, kuma ƙera ta ya fi sauƙi. Yawancin masu araha daga wannan gida suka fito, amma ba duk mai tiransisto ce ta masu koyo ba. Roland JC-120 da kamfanin Japan ya fitar a 1975 har yau ana samun ta a manyan ɗakunan naɗar sauti, kuma marigayi B.B. King ya shafe shekaru yana amfani da Lab Series L5, wadda ba ta da bawul ko ɗaya.

Ta uku ita ce ta dijital, mai ɗauke da ƙaramar kwamfuta da ke kwaikwayon muryoyin tsofaffin amfilifayoyi. Kamfanin Line 6 ya fara fito da irinta a 1996, Kemper na Jamus ya zo da tasa a 2011, sai Boss Katana a 2016. Wannan zuriya ce ta rage tazarar da ke tsakanin mai araha da mai tsada.

Ina kuɗin yake tafiya?

A kasuwar duniya, ƙaramar amfilifayar koyo kamar Fender Frontman 10G kuɗinta bai wuce kimanin dala 100 ba. Masu matsakaicin farashi na dijital suna kaiwa ɗaruruwan daloli kaɗan. Sabuwar Fender Twin Reverb mai bawul kuwa tana kaiwa wajen dala 2,000.

Wani ɓangare na wannan bambanci a kayan aiki yake. Mai bawul tana buƙatar manyan taransifoma biyu na ƙarfe da tagulla. Akwatinta sau da yawa na falankin katako mai ƙwari ne, na mai araha kuwa na garin katako ne da aka matse. Akwai masu tsadar da ake haɗa wayoyinsu da hannu ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin lokaci. Sifika ma tana da muhimmanci ƙwarai: ƙaramar sifika mai inci 6 ko 8 da ake sa wa masu araha ita ce babban dalilin da ke sa sautinsu ya zama siriri, in an gwada da mai inci 12 ta kamfani irin Celestion.

Wani ɓangaren kuma suna ne da ƙarancin kaya. Howard Dumble, Ba'amurken da ya rasu a 2022, amfilifaya kusan 300 kacal ya ƙera da hannunsa a rayuwarsa, kuma ana sayar da kowace a kan dubban daloli masu yawa. A wannan mataki, masu tara kayan tarihi ne ke sa farashi.

A Saudiyya lissafin yana da sauƙi domin tun 1986 dala ɗaya tana kan riyal 3.75. Dala 2,000 ta zama riyal 7,500. Tun daga Yulin 2020 harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, wanda ke ƙara riyal 1,125 a kan wannan kuɗi, ban da kuɗin dako da ribar mai shago. Wannan ƙarin kaɗai ya kusan sayen amfilifayar dijital mai kyau.

Ruɗin yawan wat

Masu saye da yawa suna zaton mai wat 100 ta ninka mai wat 50 ƙara. Ba haka ba ne. Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kawai, ƙarin da kunne ke ji amma ba mai yawa ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma.

Wannan yana da tasiri ga mazaunin gidan bene a Jidda. Mai bawul ba ta fitar da muryar da aka saye ta dominta sai an murɗa ta sosai. Twin Reverb mai wat 85 ce, kuma kafin ta kai wannan matsayi maƙwabta sun ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda ya saye ta domin ɗaki zai ƙare yana kaɗa ta a ƙasa-ƙasa, inda fifikonta a kan mai araha yake raguwa ƙwarai. Ko mai bawul mai wat 5, irin Fender Champ, ta isa ta cika falo.

Akwai kuma batun lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron ƙara mai desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ba tare da illa ba, kuma lokacin yana raguwa da sauri da zarar ƙarar ta haura haka. Yawancin na dijital suna da ramin sa abin sauraro na kunne da maɓallin rage wat, wanda ke ba mai koyo damar yin atisaye da dare.

Zafi, gishiri da wutar lantarki

Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta na ɗauke da raɓa da gishiri, kuma a watan Yunin 2010 zafinta ya taɓa kaiwa digiri 52 a ma'aunin Selshiyos. Raɓa da gishiri suna sa ramukan sa waya da maɓallan murɗawa su yi tsatsa, sai a fara jin ƙarar ƙwarzane. Fitar da kaya daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa zafin waje yana sa su yi gumi a ciki, don haka ya kamata a dakata kaɗan kafin a kunna. Barin amfilifaya a cikin mota da rana yana cutar da kowace iri. Mai bawul kuma ita kanta tana fitar da zafi, tana buƙatar sarari a bayanta.

Wutar lantarki ta fi haɗari. A 2010 Saudiyya ta yanke shawarar komawa kan bolt 230 a hankali, amma a wasu tsofaffin gidaje har yanzu ana iya samun ramin bolt 127 kusa da na 220. Amfilifayar da aka ƙera domin kasuwar Amurka bolt 120 take ɗauka, kuma idan aka sa ta a 230 babu taransifomar rage wuta za ta iya ƙonewa nan take. Wanda zai yi odar kaya ta intanet ya wajaba ya duba wannan tun kafin ya biya.

Ga ɗan Najeriya ko Nijar da ke son ya saya a Jidda ya kai gida, ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, amma ta Saudiyya tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta gida sau 50. Ya kamata a karanta rubutun da ke bayan akwatin a tabbatar ya nuna 50/60. Nauyi ma abin dubawa ne: Twin Reverb ta kai kusan kilo 29, ta wuce kilo 23 da jiragen sama da yawa ke amincewa wa jaka ɗaya. 'Yar'uwarta ta dijital, Tone Master da Fender ya fitar a 2019, kusan kilo 15 ce.

Gyara da sake sayarwa

Bawul yana tsufa kamar ƙwan fitila, dole a riƙa canza shi. Masana'antun da ke yin sa a yau kaɗan ne, galibi a Rasha, Sulobakiya da Sin. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, ƙarancinsa ya sa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya. A cikin mai bawul akwai wutar da ke iya haura bolt 400, wadda ke zama a ajiye ko bayan an cire filogi, don haka buɗe ta aikin ƙwararre ne. Haka nan ba a kunna ta ba tare da an jona sifika ba, domin taransifomarta na iya lalacewa.

Sai dai a nan ne mai tsada ke rama wa kura aniyarta. Mai bawul ta shekarun 1960 har yau ana gyara ta, kuma sanannun samfurori ba sa faɗuwa sosai a kasuwar gwanjo. Mai arahar dijital kuwa idan allon cikinta ya mutu, sau da yawa sayen sabuwa ya fi gyara sauƙi, kuma darajarta na sauka da zarar sabon samfuri ya fito. Masu neman na hannu a Jidda sukan duba shafin Haraj na intanet ko kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke kudancin birnin. Ƙa'idar ita ce a kunna ta a bar ta ta yi zafi, a murɗa kowane maɓalli, a saurari ko akwai gurnani, kafin kuɗi ya bar hannu.

Wa ya dace da wacce?

Mai koyon da bai riga ya san irin sautin da yake so ba ya fi amfana da ta dijital mai sifika inci 12, domin za ta ba shi damar ɗanɗana muryoyi iri-iri. Sayen mafi arha a kasuwa ma yana da nasa asara, domin sauti mara daɗi yana kashe wa mai koyo gwiwa.

Mai wasa da ƙungiya yana buƙatar abin da za a ji tare da ganguna: kimanin wat 50 na tiransisto ko wat 15 zuwa 30 na bawul yakan wadatar. A manyan dandamali makirfo ake ajiyewa a gaban sifikar, lasifikokin zauren su ɗauki sauran nauyin.

Mai tsada ta fi dacewa da wanda ke da wurin da zai buɗe ta, da mai gyara da ya amince da shi, da kunnen da ya riga ya gane abin da yake nema.

Makaɗan Sahel sun bayar da nasu darasin a kan wannan. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma salon jitar Abzinawa da Bombino da Tinariwen suka kai Turai da Amurka ya girma ne a wuraren biki, da ƙananan amfilifayoyi masu aiki da batir ko janareta. Masu sauraro a Agadas sun san makaɗan da salon hannunsu tun kafin su samu kayan aiki masu tsada.