Daga Mahara Zuwa Saƙon Murya

Kakata a Filinge ba ta cewa "fataucin mutane". Cewa take "hari". A zamanin kakanninta, in ji ta, a nan ƙasar Kurfai, yaro bai nisa da gari shi kaɗai, don mahaya na iya sure shi a bakin gona, sai dai a ji labarinsa a wata kasuwa. Faransawa sun haramta cinikin bayi a yankunan da suka mallaka na Afirka ta Yamma a 1905. A takarda ke nan.

Shekara 91 bayan haka, a 1996, aka sayar da Hadijatou Mani a jihar Tawa, tana da shekara 12, kan jaka 240. Wahaya aka mai da ita: ba mata ba, ba ƴa ba, ga aiki ga shimfiɗa. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi, bayan dogon gwagwarmayar ƙungiyar Timidria, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta biya ta sefa miliyan 10.

Ni ɗalibin harshe ne, to kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai: dillali. Daga Larabci take, tushensu guda da "dalili", wato mai nuna hanya. Mahara sun tafi, bindigar Nasara ta kore su, amma mai nuna hanya bai je ko'ina ba. Waya ya saya.

A 2019 sashen Larabci na BBC ya bankaɗo yadda ake tallar ƴan aikin gida a Kuwait ta Instagram da manhajar 4Sale, kusa da tallar motoci. Cikinsu har da yarinya ƴar Gine mai shekara 16.

Kada ku ce nesa ne. Bara, da rani, ɗiyar gwaggona ta kunna mini wani saƙo a WhatsApp. Ba rubutu ba, murya, don sun san yawancinmu ba su yi lakol ba. Wata mata ce, Hausarta tsaf, tana ta "ɗiyata", "ɗiyata", wai aiki a gidan mutunci, fasfo da kuɗin mota duk a kanta, a biya daga baya. Wallahi kalmar "bashi" ba ta fito ba ko sau ɗaya. Na saurara sau uku ina nemanta. Da can igiya ake ɗaura wa wanda aka kama. Yanzu ita ce ta sayar da akuyarta don ta kai kanta tasha.

Gwaggo ta ɓoye mata takardar haihuwa, suka yi wata biyu ba sa magana. Lambar matar ta daina shiga. Da watan azumi wata sabuwar lamba ta turo saƙo, murya dai ita ce.