Boris da Sensa: Yadda Aikin Kanikawan Gaya Ya Sauya

Tun da aka gina gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanville a 1958, Gaya ta zama mashigar motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Daga nan wasu su nufi Dosso da Yamai, wasu su karkata Kamba a jihar Kebbi. Kanikawan Gaya a kan wannan hanya suka koyi aiki.

A zamanin Peugeot 404 da 504 da tsofaffin Land Cruiser, kunne da hannu ne kayan aiki. Mota ta zo tana gurnani daga baya, ƙarar tana ƙaruwa da gudu, sai maigidan gareji ya ɗaga ta da jak, ya girgiza taya, ya juya ta ya saurara. In boris ne ya ci, a cire a sa wani, a cika giris, direba ya kama hanya.

Jif-jif na zamani suka zo da sabon al'amari. Birkin ABS, wanda Bosch da Mercedes suka fito da shi a 1978, ya bazu har ya zama kusan kowace Prado, Pajero ko RAV4 'yar Kwatano tana da shi. Kowace taya tana da sensa mai ƙirga juyawarta daga wani zobe mai haƙora ko mai maganaɗisu da ke jikin boris. Idan boris na baya ya fara wasa, tazarar zobe da sensa sai ta rikice, ko garin ƙarfe ya manne a bakin sensar. Nan take fitilar ABS ta kama. Birki zai ci gaba da ci, amma taya na iya ƙullewa in an taka da ƙarfi.

Ramukan hanya, lodi fiye da kima da laka suna gaggauta lalacewar boris, ga shi Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar.

Sai da aka yi asara kafin a gane. An sayi sabuwar sensa alhali boris ne ya mutu. An buga boris da guduma zoben ya fashe, an kuma sa boris a juye, maganaɗisun ya ba sensa baya. Yau ƙwararru sukan fara jona kwamfutar gwaji su ga tayar da ke ƙorafi, su duba waya, sannan su sa boris da injin matsi.

Rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ya sa kayan gyara daga Kwatano sun yi wuyar samu. Duk da haka, mai mota kada ya yarda a cire masa ƙwan fitilar ABS don ta daina damunsa. Ya sa a duba boris da sensa tare, kafin damina ta sauka.