Dashen ɓargo da maganin CAR-T ga yara masu sankarar jini

Dashen ɓargo hanya ce ta magani da likitoci ke kashe ɓargon marar lafiya da magunguna masu ƙarfi, sannan su ɗura masa lafiyayyun ƙwayoyin da za su sake gina masa jini. Sunan kan sa a zaci fiɗa ake yi, a fasa ƙashi a zuba wani ɓargo. Ba haka ba ne. Ta jijiya ake ɗura shi kamar ƙarin jini, ƙwayoyin kuma su nemi hanyarsu da kansu zuwa cikin ƙashi.

A cikin ɓargo ake yin jini. Nan uwayen ƙwayoyin jini suke, su ne ke haifar jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan da ke tsayar da zubar jini. Sankarar jini tana farawa idan wasu fararen ƙwayoyin da ba su nuna ba suka yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su cika ɓargo su hana sauran fitowa, yadda ƙuduji ke danne hatsi a gona. Irin da ya fi kama yara yakan taso ne tsakanin shekara 2 da 5.

Alamominta kuwa ba su da bambanci da abin da iyaye suka saba gani. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, farin ido da farin tafin hannu, kumburin saifa da hanta, kaluluwa, ciwon ƙashi, haɓo ko jini a dasashi. A gundumar Madarunfa, inda zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke cika ɗakunan yara daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma inda ƙungiyar likitocin MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara na asibitin gunduma, yaro mai waɗannan alamomi kusan kullum zazzaɓin sauro ne gare shi, kuma daidai ne a fara da maganinsa. Abin da ya kamata ya tada hankali shi ne yaron da ya sha magani, aka ƙara masa jini, bayan mako biyu ko uku ya dawo fari fat, ko aka auna ba a ga ƙwayar zazzaɓin ba amma jiki bai yi sanyi ba. Irin wannan yana bukatar cikakken awon jini da duba shi a madubin likita. Tabbatarwa sai an zuƙo ɗan ɓargo da allura an duba, aikin da ake yi a manyan asibitoci, a Maraɗi ko Yamai.

Ba kowane yaro mai sankarar jini ke bukatar dashe ba. Yawancinsu magunguna kaɗai ke warkar da su, cikin jinyar shekara biyu ko fiye, kuma a ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma na masu irin da ya fi yawa suna rayuwa. Haka ma sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958 kuma take da alaƙa da yankunan zazzaɓin sauro: tana girma da sauri, amma tana jin magani. Ana ajiye dashe ne ga waɗanda cutar ta dawo musu ko ta ƙi jin magani.

Yadda aka faro

Faransa na da babban rabo a tarihin. A 1958 likita Georges Mathé ya yi dashen ɓargo a Paris ga wasu ma'aikatan Yugoslabiya da tururin nukiliya ya ƙona wa ɓargo a cibiyar Vinča. A shekarar ne kuma Jean Dausset ya bayyana ta farko cikin alamomin da ke jikin fararen ƙwayoyi, waɗanda yanzu ake kira HLA, da su jiki ke bambanta nasa da na baƙo. A Amurka, E. Donnall Thomas ya shafe shekaru yana gyara hanyar duk da yawan mace-macen farko, har ya samu kyautar Nobel a 1990. A 1968 Robert Good ya yi nasara a Minnesota da wani jariri marar garkuwar jiki, da ɓargon ƴar uwarsa. A 1988 kuma Éliane Gluckman ta asibitin Saint-Louis a Paris ta nuna cewa jinin cibiyar jariri, wanda aka saba zubarwa, yana iya maye gurbin ɓargo.

Duk aikin a kan dacewar HLA yake. Yaro yana gadon rabi daga uwa, rabi daga uba, don haka kowane shaƙiƙinsa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana da dama ɗaya cikin huɗu ta dacewa da shi sarai. A nan gidajenmu masu yawan ƴaƴa sun fi na Turai sa'a: yaron da ke da shaƙiƙai biyar, damar samun wanda ya dace a cikinsu ta haura kashi 75 cikin ɗari. Ƴan uba ba sa cikin wannan lissafi, sai dai in akwai zumunci tsakanin iyayen mata. Wanda bai samu a gida ba sai a nema masa a rajistar masu ba da gudummawa ta duniya, inda baƙar fata ba su da yawa, ga shi kuma alamomin HLA na ƴan Afirka sun fi na kowa yawan iri.

Mai bayarwa ba ya rasa komai na dindindin. Ana sa shi barci a zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugu, cikin ƴan makonni jikinsa ya mayar. Wahalar tana kan mai karɓa. Bayan an kashe masa nasa ɓargon, yakan yi mako biyu zuwa huɗu babu garkuwa, a keɓe cikin ɗaki mai tataccen iska, ana ƙara masa jini a kai a kai, ƙwayar cutar da ba ta kai ta sa wani tari ba tana iya kashe shi. Idan dashen ya kama, wani haɗarin ya taso: sababbin ƙwayoyin na iya ɗaukar jikin yaron a matsayin baƙo su far wa fata da hanji da hanta. Wannan faɗan dai shi ne kuma amfanin dashen, don haka suke far wa ragowar sankarar. Ana ta bincike a kan yadda za a raba biyun. Akwai kuma abin da iyaye suka cancanci ji tun farko: magungunan share ɓargo kan taɓa haihuwa idan yaron ya girma.

Ci gaban da ya fi amfani ga ƙasashe irin Nijar ya fito ne daga jami'ar Johns Hopkins, inda aka gano cewa ba da wani tsohon magani mai araha, cyclophosphamide, a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe yana kashe ƙwayoyin da suka fi tada rikici. Da wannan, uwa ko uba, masu dacewa rabi kawai, suna iya bai wa ɗansu ɓargo.

Horar da garkuwar yaron kansa

Maganin CAR-T ba ya bukatar mai bayarwa. Ana tace wasu fararen ƙwayoyi da ake kira T daga jinin yaron, a kai su ɗakin gwaji a sa musu wani umarni na gado da zai sa su gane wata alama mai suna CD19 a jikin ƙwayoyin sankarar, a hayayyafa su, a mayar masa. A cikin yara, an fara gwada shi kan wata yarinya a asibitin yara na Philadelphia a 2012, ƙarƙashin Carl June da Stephan Grupp, bayan cutar ta dawo mata sau biyu. Ta shiga mummunan zazzaɓi da faɗuwar bugun jini, wanda yanzu aka san shi ne babban haɗarin maganin, aka ceto ta da maganin amosanin gaɓɓai mai suna tocilizumab, kuma ta warke. A babban gwajin da ya biyo baya kan yara da matasa 75, kashi 81 cikin ɗari cutar ta ɓace musu cikin wata uku, kodayake ta dawo wa wasu daga baya.

A watan Agustan 2017 Amurka ta amince da shi da sunan Kymriah, na kamfanin Novartis, kan dala 475,000, wato sama da miliyan 250 na sefa, ban da kuɗin kwanciya. Indiya ta amince da nata samfurin, NexCAR19, a Oktoban 2023, kan kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan farashi.

A yankinmu

Dashe ya riga ya shigo Afirka ta Yamma, amma ta ƙofar emasi, wato amosanin jini ko sikila. Tun 1984 aka gano yana warkar da ita, lokacin da aka yi wa wata yarinya mai emasi da sankarar jini dashe a Amurka, cututtukan biyu suka tafi tare. A 2011 Nosakhare Bazuaye da tawagarsa suka yi dashen farko na Najeriya a asibitin koyarwa na jami'ar Benin, kan yaro mai emasi, sannan asibitin koyarwa na Legas ya fara nasa shirin a 2024. Tunisiya da Aljeriya da Maroko da Masar sun riga su da shekaru. Daga Nijar, mai bukatar dashe sai ya ƙetara iyaka.

Abin da ke gida shi ne cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara da cibiyar emasi, dukansu a Yamai, fiye da kilomita 600 daga Madarunfa, da sashen sankarar yara da ke aiki tare da ƙungiyar GFAOP, wadda farfesa Jean Lemerle ya kafa a 2000 don haɗa likitocin Faransa da na Afirka. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ciyar da uwar da za ta zauna watanni a Yamai ta bar gona da sauran ƴaƴa. Barin jinya a tsakiya na cikin manyan dalilan da ke sa a rasa yaran da maganinsu ya fara aiki.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da sankara kowace shekara. Sama da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da dama kuwa ba su kai kashi 30 ba. Shirin da ta ƙaddamar a 2018 na neman kai adadin kashi 60 a duniya kafin 2030, kuma abin da ya sa a gaba shi ne gano cutar da wuri da samun magunguna ba yankewa. Ko ɗakin dashe ma ba ya aiki sai da bankin jini mai ƙarfi a bayansa, ga shi a jahar Maraɗi buƙatar jini ta fi tsanani ne daidai watannin da zazzaɓin sauro ke kwantar da yara.