Kwalekwalen Kankare da Gadar Ƙarfe: Yadda Ɗaliban Injiniya ke Fafatawa a Amurka

Ranar da na fara jin wai ana tseren kwalekwalen kankare, na ɗauka ba'a ce. Ashe da gaske ne. Masu yin sa ɗaliban jami'a ne da ke koyon injiniyancin gine-gine, wato waɗanda gobe za su zana hanyoyi, gadoji da madatsun ruwa.

Ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka, ASCE, wadda aka kafa a 1852, tana da rassan ɗalibai a jami'o'i. Duk shekara, wajen watan Maris da Afrilu, rassan kowace shiyya kan taru a jami'ar da ta karɓi baƙunci, a yi 'yan kwanaki ana gwada ƙwanji. Zakarun shiyyoyi ne ke wucewa zagayen ƙarshe.

Tseren kwalekwalen ya samo asali a 1971 tsakanin Jami'ar Illinois da ta Purdue, ya zama gasar ƙasa baki ɗaya a 1988. Ga inda gizo ke saƙar: kankaren da muka sani ya fi ruwa nauyi sau biyu da ɗoriya. Don haka ɗalibai kan cire tsakuwa, su zuba abubuwa marasa nauyi a madadinta, irin su ƙananan duwatsun gilashi masu iska a ciki, su ƙarfafa jikin da raga. Kafin tsere sai alƙalai su sa a danna kwalekwalen cikin ruwa har ya cika maƙil, a ga ko zai taso. Kuma gudu kaɗai bai isa ba, akwai makin rahoto a rubuce, da na bayani a gaban alƙalai, da na kyawun aiki.

Ni dai gasar gadar ƙarfe ta fi burge ni. An fara ta a 1987 da makarantu uku na jihar Michigan. Gadar kusan ƙafa 20 ce, ana kawo ta gunduwa-gunduwa, a harhaɗa da noti agogo na tafiya. A ƙasa an shata wani wuri a matsayin kogi. Ka taka shi, ko noti ya suɓuce maka, an ci ka tarar lokaci. In an gama sai a ɗora mata fam 2,500, kusan kilo 1,130, ka ce ƙosassun bijimai uku ke nan a lissafinmu na kara. Daga nan a auna yadda ta lotsa.

Wahalar ita ce, ana son gada mara nauyi, mai saurin haɗuwa, mai kuma ƙarfi, ukun nan kuwa ba sa shiri. Ka rage ƙarfe ta lanƙwashe, ka ƙara ta yi nauyi maki ya zube. Akwai gadar da kan karye a gaban jama'a bayan aikin watanni.

Duk wanda ya taɓa bin tirelar shanu ta gadar Onitsha, wadda aka gama a 1965, ya ga ƙarafan nan da aka sassaƙa kusurwa uku-uku a gefe da sama. Irin wannan saƙar ce ɗalibai da yawa kan yi wa ƙananan gadojinsu, don ta fi rarraba nauyi da ƙarfe kaɗan.